Kwamfutar Da Ba Ta Son Ƙura

Ranar da za a zaɓi kwamfutar da za ta tuƙa sabon injin sassaƙa, sau biyu Kafinta ya sa aka share shago, sai ka ce surukai za a tarba. Shara kuwa a shagon katako wahalar banza ce, kafin ka jingine tsintsiya ƙurar ta dawo ta zauna inda ka tashe ta. Injin yana nan girke tun makon jiya, ƙato, ya cinye rabin shagon, yana jiran abin da zai ba shi umarni. An ce ƙofar da Kafinta ke kwana huɗu yana yi wa ado da hannu, shi cikin awa biyu zai gama ta, bai ce ya gaji ba.

Dillalin da ya sayar da injin ya iso da kwali biyu, ya ɗora a kan bencin aiki. Kafinta ya aika cikin gida a kira 'yarsa ta fari, wadda tun da ta gama karatun kwamfuta ya laƙaba mata Injiniya, rabi alfahari rabi zolaya. Shekara biyu ke nan takardunta na cikin akwati, ba aiki ba dalilinsa. Yau ce rana ta farko da aka nemi karatun nata a gidan, saboda haka ta fito da biro da littafi, tana wani ɗaure fuska irin na ma'aikata.

"Oga, dubi wannan," in ji dillali, ya ɗago wata baƙar aba mai zara-zaran ƙarfe a baya, ba ta fi rabin bulo ba. "Ba ta da fanka, ba ta da kafar da ƙura za ta shiga. Ta jikinta take fitar da zafi. Ka ɗaure ta a jikin injin, ya yi ta jijjiga, rana ta yi ta dukan kwano, ko a jikinta. Don irin shagonka aka ƙera ta."

"Waccan fa?"

"Waccan ta ofis ce. Aiki kam za ta yi, amma 'yar gata ce. Fankarta zuƙo iska take yi, in da ƙura a iskar, ƙurar za ta sha. Ba ta son zafi, ba ta son girgiza. Ka ajiye ta a shagon nan, in ta kai wata uku ka zo ka tsine mini."

Kafinta ya tambayi kuɗi. Da ya ji ta farkon ta ninka ta biyun har sau uku, sai ya cire hula ya sosa ƙeya ya mayar. Injiniya ta ce, "Abba, ta farkon ita ce daidai. Ko a makaranta haka aka koya mana." Da ta tsaya a nan, da shi ke nan. Amma mutum ya shekara biyu ba a tambaye shi komai ba, in ya samu masu sauraro ba ya son ya yi shiru da wuri. Sai ta ƙara da cewa, "Ita ta ofis ɗin ba ta yiwuwa, sai dai in za a ajiye ta a wani ɗaki daban mai tsabta, a huda bango a zuro waya."

"Ƙwarai, 'yarka ta san aiki," in ji dillali. "Sai dai wayar kada ta wuce taku goma. In ta wuce, umarni yakan ɓace a hanya."

Kafinta ya je ya tsaya a gindin injin, ya fara takawa zuwa bangon gabas yana motsa baki. Taku shida ya kai shi. Ya dafa bangon da tafin hannu, ya ɗan bubbuga, fuskarsa ta washe. A lokacin ne Injiniya ta gane inda ya dosa, don duk wanda ke gidan ya san abin da ke bayan bangon nan: ɗakin Gwaggo ne.

Gwaggo yayar Kafinta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Ɗakinta shi ne mafi dama a gidan, ba don kaya ba, don iska. Bangonsa kauri gare shi, yana da silin, kuma ƙofarsa da tagarsa cikin gida suke kallo, ta wajen inuwar bishiya, sun juya wa shago baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon asma. Kullum abin shaƙarta yana ƙulle a haɓar zani, amma a ɗakin nan sai ta yi wata ba ta kwance shi ba. Tana zaune tana saƙa rigunan jarirai da farin zare, matan unguwa na zuwa saye.

Da la'asar Kafinta ya yi sallama a ƙofarta, Injiniya na biye da shi kamar wadda aka kama da sata. Ya durƙusa har ƙasa, don shi mutum ne mai ladabi, ba a taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba.

"Yaya, shawara na kawo."

Shawarar kuwa an riga an biya kuɗin kwamfuta, an kuma gaya wa magini ya zo da safe. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, na ƙura da na zafi da na taku goma. Ta saurara, allurar saƙa na tafiya a hannunta.

"To ni ina zan koma?"

"Ɗakin baya, Yaya. Wata biyu rak, kafin in yi miki gini."

"Inda ake fesa fenti?"

"Za a matsar da fentin."

Ta ɗago ta dubi Injiniya. "Ke ce za ki riƙa zama a nan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To ai ba bare ne zai shiga ba. Allah ya sa albarka. Ba komai."

Kafinta ya fito yana sa mata albarka shi ma. "Kin gani? Yaya ba ta da matsala," ya ce wa 'yarsa. "Ita fa a cikin garin katako ta tashi, tun zamanin mahaifinmu. Ƙarfe ce."

Abin da aka yi wa ɗakin nan cikin kwana uku sai wanda ya gani. Gilashin tagar da Gwaggo ta shekara uku tana cewa ya tsage, tana toshe shi da kwali, ran farko aka sauya shi. Aka shimfiɗa tayil, aka yi farin fenti, aka manna roba a gefen ƙofa don kada iska ta saci hanya. Aka kafa na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ko ɗakin maigidan babu. Kafinta da kansa ya rubuta a kwali ya liƙa: A CIRE TAKALMI. Ashe dai gidan ya san yadda ake kula da mai rauni, ba a dai samu wanda ya cancanta ba sai yanzu.

Ɗakin baya kuwa tsohon sito ne, kwano ne kawai a sama, tagarsa ɗaya. Fenti ba a matsar ba, don ba inda za a kai shi. Sannan dillali ya ce dole a zuƙe ƙura daga bakin injin, in ba haka ba haƙoransa za su dakushe. Aka haɗa wani dogon bututu, aka fitar da shi ta bayan shago, aka ɗaura masa buhu a baki. Bakin bututun nan bai fi kamu uku da tagar Gwaggo ba. Buhun yana riƙe manyan ɓarɓashi, amma allunan da ake sassaƙawa irin waɗanda ake matsewa da garin katako da gam ne, ƙurarsu laushi gare ta kamar hoda, ta cikin saƙar buhun take fita abinta.

Injin ya fara aiki, kuma gaskiya dillali bai yi ƙarya ba. Injiniya na zaune cikin sanyi, ta zana fure a allon kwamfuta, ta danna, can bayan bango ƙarfe ya ɗauki kuka ya fitar da furen nan a jikin ƙofa, ko ganye ɗaya bai ɓata ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Kafinta na nuna musu injin, sannan ya kawo su bakin taga su leƙa 'yarsa ta gilashi. Daɗi ya kama Injiniya, ba za ta ɓoye ba. A karo na farko in ta yi magana a gidan ana yin shiru a ji.

A makon farko Gwaggo ta riƙa rufe kwanon abincinta da faranti, ta kifa wani a kai. A mako na biyu in ta tashi daga kishingiɗar rana, sai ka ga shatin kanta a jikin matashi, wurin da ta kwanta fari, kewayensa ja. Farin zarenta ya koma kalar ƙasa. Wata mata ta zo karɓar rigar jariri, ta jujjuya ta, ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Tari ya fara, irin busasshen nan mai fito a ƙarshe. Abin shaƙa ya bar haɓar zani ya koma tafin hannu.

Injiniya ta sami mahaifiyarta a kicin. "Umma, tarin Gwaggo fa ya yi yawa. Ko za a yi musanya, ta dawo ɗaya daga cikin ɗakunan ciki?"

"Wane ɗakin? Nawa? In kwashe sababbin kujeruna in kai su cikin ƙura?" Umma ta ci gaba da yankan albasa. "Ni kin gan ni nan, ba na shiga tsakanin 'yan'uwa. In na yi magana a ce dangin miji na sa wa ido. Ke da kike da bakin magana yanzu, ba sai ki ba ta gadonki ba?"

Injiniya ta yi niyya, Allah ya sani ta yi. Sai dai ɗakinsu su huɗu ne da ƙannenta, kuma ita yanzu mai aiki ce, tana bukatar barci, ga shi in ta kwana a ɗakin baya da safe za ta shiga wurin kwamfuta da ƙura a jiki. Ta ce bari dai ta yi tunani zuwa gobe. Goben ta yi ta haihuwar wata goben.

Wata rana da azahar, rana na tafasa kwano, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa a hankali. Gwaggo ce, ta riga ta cire takalmi ta jera su a gefe, kafaɗunta na hawa suna sauka.

"In ɗan zauna, 'yar nan? Ba zan taɓa komai ba."

Ta zauna a kujerar roba ta kusa da bango, ta lumshe ido, ta yi ta jan iska kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Bayan kamar minti goma fiton ya lafa. Ta buɗe ido ta ƙare wa ɗakin kallo, ta dubi akwatin da ke kan tebur yana 'yar ƙara.

"Wannan ce mai ɗakin? Sannu da hutawa, Hajiya. Ya sanyi?"

Injiniya ta yi dariya har da hawaye, dariyar da rabinta kunya ce. Daga ranar sunan ya bi kwamfutar, har ma'aikatan shago in za su tambaya sai su ce, Hajiya ta tashi? Gwaggo kuma ta mayar da shi al'ada, kullum da azahar ta zo ta yi awa guda, ta sami abin da za ta kai yamma da shi. Ba ta taɓa wuce awar ba, wai kada ta takura wa masu aiki.

Ana cikin haka, ran wata Laraba, Hajiya ta sandare ana tsakiyar aiki. Injin ya rikice, ya ja wani mummunan layi tun daga saman ƙofa har ƙasa, ƙofar mutane ta tashi aiki. Kafinta ya fito da gudu, ko hula babu. Nan da nan aka kira dillali, nan da nan kuma ya zo, don a gidan nan ciwon Hajiya ba ya jiran gobe. Ya kwance ta, ya hura fankar, wani jan gari ya tashi.

"Oga, ai na gaya maka. Wa ke shigowa nan?"

"Ita kaɗai," in ji Kafinta, ya nuna 'yarsa. Sai idonsa ya sauka a kan kujerar roba. Shatin zaman mutum ne a kanta, ja, ɓaro-ɓaro.

Bai yi faɗa ba. Ya je ɗakin baya ya durƙusa kamar kullum. "Yaya, don Allah kada ki ɗauke shi da wata manufa. Ɗakin nan ba ya son shige da fice. Ke kuma, ki yi haƙuri, jikinki duk ƙura ne."

Gwaggo ta dubi zaninta, ta kaɗe shi, ƙura ta tashi tsakaninsu. "Gaskiyarka," ta ce. "Ban lura ba."

Kai, jama'a! An ɗauki mutum an ajiye shi a bakin bututu, sannan an hana shi shiga ɗaki don yana da ƙura. Kuma duk wanda ka tambaya a gidan zai rantse maka ba a yi wa kowa mugunta ba, tsari ne kawai na aiki. Aka sayo kwaɗo, aka miƙa wa Injiniya makulli, aka ce ta riƙa kullewa ko tana ciki.

Washegari da azahar ta ji motsi a bakin ƙofa. Ta tashi, hannunta na kan sakata, sai ta ji muryar Gwaggo ƙasa-ƙasa.

"Kada ki buɗe, kar ya yi miki faɗa. Ƙofar ma da sanyinta."

Ta leƙa ta taga. Gwaggo na zaune a dandamali, ta jingina bayanta da ƙofar ƙarfen, ta miƙe ƙafafu. Injiniya ta koma kujera ta zauna. Furen da take zanawa ya yi ta rawa a idonta, ta share fuska ta ci gaba, don akwai mai jiran ƙofarsa da ƙarfe huɗu.

A ranar ta tari mahaifinta bayan ya sallami ma'aikata. "Abba, yanzu ai aiki ya buɗe. Mu sayo baƙar nan da ake ɗaurawa a jikin injin, a mayar wa Gwaggo ɗakinta."

"Wannan ɗin ta mutu ne?"

"A'a."

"To mutum na da abu yana aiki, sai ya je ya sayo wani? Wannan ai almubazzaranci ne."

"Abba, numfashinta fa."

"Ta kawo miki ƙara?"

"Ba ta kawo ba."

"To kin gani. Ni na san Yaya tun ba a haife ki ba. In abu ya dame ta za ta faɗa." Ya sassauta murya. "Kuma ai shawararki ce, Injiniya. Ke kika ce a huda bango."

Injiniya ta juya ta koma ɗakin Hajiya. Gini kuwa da aka ce wata biyu, an shiga wata na biyar, ko bulo ɗaya ba a sauke ba. Ana cikin wannan sai ga babban aiki ya faɗo: wani mai gina masaukin baƙi yana son ƙofa arba'in cikin mako uku. Injin da ke hutawa da rana ya daina hutawa. In an ɗauke wuta a tayar da janareta, wanda ƙarfinsa bai wuce ya ja injin da sanyin ɗakin Hajiya ba. Fankar Gwaggo ba ta cikin lissafi.

A ƙofa ta goma sha biyu Gwaggo ta koma yin salla a zaune. A ta ashirin ta daina gama magana da numfashi ɗaya, sai ta yanka ta gida biyu ko uku. Injiniya ta faki safiyar da ake sauya haƙoran injin, ta ɗauke ta suka tafi asibiti. Likita ya ɗora abin saurare a bayanta, ya daɗe, ya tambayi inda take kwana. Da aka gaya masa sai ya cire tabarau ya dubi Injiniya kallon da ta gwammace mari a kansa. Ya rubuta magani, ya kuma rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa a raba ta da ƙura yau, ba gobe ba, a sa ta a ɗaki mai tsabta da sanyi.

Kafinta ya karanta takardar a tsaye, injin na kuka a bayansa. "Likitoci ke nan! Ɗaki mai tsabta da sanyi, a ina talaka zai samo shi? Su dai su rubuta." Amma kada a ce bai damu ba, ya damu ƙwarai. Da yamma sai ga shi da katan guda na madarar gwangwani a kafaɗa, ya dire a ƙofar ɗakin baya yana haki.

"Yaya, safe da yamma, gwangwani ɗaya-ɗaya. Duk kafintan duniya ya san madara ke wanke ƙura daga ƙirji. Shekara talatin ina sha, kin taɓa jin na yi tari?"

Injiniya ta ce, "Abba, madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu."

"A kwamfuta aka koya miki wannan? Bar mu da abin da muka gada." Ya zaro takunkumin rufe hanci guda biyar daga aljihu ya ƙara mata. Gwaggo ta gwada ɗaya, ta ji kamar an danna mata matashi a fuska, ta cire. Madarar kuwa ta riƙa sha, safe da yamma, tana jera gwangwanayen a bakin taga don ƙanenta ya gani ya ji daɗi.

"In an gama ƙofofin nan," ya yi wa Injiniya alkawari, "ranar da aka gama, za mu zauna a kan maganar ɗakin."

Ta riƙe wannan alkawarin da hannu biyu. Ta daina fita cin abincin rana, ta riƙa tura aiki bayan aiki, tana ganin duk ƙofar da ta gama ta matso da Gwaggo taku ɗaya zuwa ɗakinta. Ba ta tsaya ta lissafa cewa duk ƙofar da ta gama buhu guda ne na ƙura ta bakin bututu ba. Ko kuwa ta lissafa, ta kau da kai.

Ƙofa ta arba'in ta hau injin ran wata Asabar gab da azahar. An ɗauke wuta tun safe, zafi kamar a bakin murhu, janareta da injin suna gasar ƙara. A ɗakin Hajiya kuwa shiru, robar ƙofar nan ba ƙura kaɗai take tarewa ba, har sauti. Da azahar Gwaggo ba ta zo ta jingina da ƙofa ba. Injiniya ta lura, ta ce a ranta wataƙila barci ya ɗauke ta, bari a gama. Ƙarfe uku da 'yan mintoci kwamfuta ta nuna aiki ya kammala. Ta buɗe kwaɗo ta fita da sauri, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta zaga baya tana kira.

"Gwaggo! An gama! Gwaggo, yau za a yi maganar!"

Ta same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin baya, kanta jingine da bango, ƙafa ɗaya a waje, alamar fitowa take son yi. Abin shaƙa na gefenta, babu komai a ciki. Tafin hannunta a buɗe yake a kan cinya, jan gari ya kwanta a cikinsa lif, har kan gashin idonta, babu inda ya motsa. Ta daɗe a haka. Umma na kicin, ma'aikata huɗu na shago, tsakaninta da kowannensu bai fi taku ashirin ba.

Aka kashe injin. Shirun da ya sauka a gidan har kunne yake yi wa ciwo. Kafinta ya zo ya faɗi a gabanta yana kuka da ƙarfi, kukan gaske, ba na ganin ido ba. "Yaya! Me ya sa ba ki faɗa ba? Yaya, da kin faɗa mini!" Maƙwabta suka cika gida, kowa da abin da yake cewa. Wannan ya ce kwana ne ya ƙare. Waccan ta ce mace mai haƙuri, ba a taɓa jin kanta ba. Umma na sharɓe tana cewa ko jiya sai da ta kai mata ruwan zafi. Wani ya ga gwangwanayen madara a taga ya ce, Allah sarki, an dai yi mata gata, ciwon ne ya fi ƙarfi.

Haka ake yi. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya shiga ɗakinta bai yi sallama ba. An dai zauna an auna wa zai iya jure ƙura tsakanin akwatin ƙarfe da 'yar Adam mai ciwon ƙirji, aka ga akwatin in ya sha wuya tsayawa yake yi cak a gaban kowa, ita kuwa cewa take ba komai. Sai aka ba mai tsayawa ɗaki. Irin wannan zaluncin ba ya barin tabo a hannun kowa, shi ya sa masu yin sa suke kwana lafiya, har su riga kowa kuka.

Tsohuwar da za ta yi mata wanka ta iso da mata biyu. Aka shigar da Gwaggo ɗakin baya, tsohuwa ta warware farin likkafani a kan tabarma. Kafin ta gama miƙe shi ya fara yin ɗigo-ɗigon ja. Ta kaɗe, ya ƙara yi. Ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufi, ta dubi tagar, ta yi tari, ta fito rai a ɓace.

"Haba, bayin Allah! A nan za a shirya mutum? Ga zafi, ga ƙura. Duk faɗin gidan nan ba ku da ɗaki ɗaya mai tsabta?"

Umma ta sunkuyar da kai. Kafinta ya share ido da hannun riga, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Akwai, Inna," ya ce. "Injiniya, buɗe musu."

Ta buɗe. Mata huɗu suka ɗauko Gwaggo a tabarma, suka ratsa tsakar gida, suka shigar da ita cikin sanyi, suka shimfiɗe ta a kan farin tayil, daidai inda gadonta yake a da. Ba wanda ya ce jikinta da ƙura. Aka fara shigo da bokitai.

Injiniya na tsaye a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa tafiya, sai ta ji an taɓa kafaɗarta. Mahaifinta ne, idanunsa jawur, hawaye na bin gemunsa, riƙe da wata babbar leda. Ya miƙa mata, ya nuna tebur da haɓa, sannan ya leƙa ya yi wa tsohuwar magana.

"Inna, don Allah a yi a hankali da ruwa ta wajen teburin nan."

Tsohuwa ta juyo ta dube shi. Injiniya ta dubi ledar da ke hannunta. Ta so ta yar, ta so ta yi ihu har unguwa ta ji. Sai ta ga ƙafafunta sun kai ta gaban tebur. Ta lulluɓe kwamfutar, ta cusa gefen ledar ta ƙasa, ta zagaya ta duba ko akwai inda ya rage a buɗe. Babu.